Wayar da Kawu Ya Sa a Aljihu

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a gidansa na Jibiya, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Kafin a kira azahar ƙofar gida ta cika har tabarmi suka gaza, sai da aka aro na masallaci.

Kowa da irin Kawun da ya zo ta'aziyyarsa. Tsofaffin da suka yi aikin wayar tarho tare da shi suna tuna mutumin da ke hawa falwaya ba ya duban ƙasa. Ejan-ejan na bakin iyaka, masu cike wa 'yan kasuwa takardun shigo da kaya, suna tuna tsohon da ya addabe su da cire musu waya duk ranar Alhamis. Ɗaya daga cikinsu ma ya ce a hankali, "To, Alhamis ta huta," na kusa da shi suka yi murmushi suna share ido. 'Yan dako kuwa abin da suka riƙe shi ne bai taɓa korar su ba in sun zo cajin waya. Mahaifiyata ta daure har sai da aka miƙo mata tabaransa guda biyu iri ɗaya, ɗaya daga aljihun riga, ɗaya daga ƙarƙashin matashi. A nan kuka ya ƙwace mata.

A maƙabarta, bayan an gama rufe shi, liman ya roƙi jama'a duk wanda marigayi ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Aka yi ta cewa an yafe, yadda aka saba. Sai wani dattijo dogo, tsohon direban babbar mota mutumin Maraɗi, ya ɗaga murya daga baya.

"Ni ma na yahe mai. Batun ragunan nan, na yahe mai duniya da lahira."

Jama'a suka ce Allah Ya saka masa da alheri, wasu har da gyaɗa kai, don kowa a bakin iyaka ya san labarin ragunan. Ni kuwa ina tsaye da ƙasar kabari a hannuna. An yafe wa Kawu laifin da bai yi ba. Ni na yi shi, kuma shekara goma sha ɗaya ina kallo yana yawo da shi a wuyansa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, kada a rufe mutumin nan tare da kayan wani.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu an rufe wani gidan giya a Magama, dab da shingen iyaka. Ya yi shekaru a garƙame, awaki na kwana a barandarsa. Da aka mayar da cike takardun kaya ta kwamfuta, har ta kai mota ba ta wucewa sai takardarta ta tafi ta intanet ta dawo, ƙungiyar ejan-ejan ta karɓi gidan ta zuba kwamfutoci ashirin a babban zauren. Kawu ya riga ya yi ritaya, amma bai zauna ba. Ya koyi aikin netwok da kansa, daga littattafan da yake sayowa a Kano da kuma tambayar duk wanda ya sani, ko da sa'an jikansa ne. Shi ƙungiyar ta ɗauka. Ɗakin da a da ake ajiye kwalabe, mai kaurin bango da sanyi, nan ya kafa na'urorinsa. Yakan shafa bangon ya ce, "Ɗakin ga ya tuba, saura masu shi."

Kawu ba ya yarda da abu ɗaya tal. Rauta, akwatin nan da ke karɓar saƙon kwamfutocin zaure ya miƙa shi waje, biyu ya sa. Ɗaya tana kan layin da ke zuwa daga Katsina ta eriyar saman rufi, ɗayar tana kan layin wani kamfani dabam, da ke zuwa ta wata kusurwa dabam, kuma kowacce da batirinta. Ya saita su suna amsa adireshi ɗaya, ta yadda kwamfutocin zaure ba su ma san biyu ba ne. Ta farko ke aiki, kowace daƙiƙa tana aika wa ta biyu ɗan saƙo cewa tana nan. In ta biyu ta ji shiru sau uku a jere, sai ta karɓi aikin ba tare da ta jira kowa ba. Ta farkon ya sa mata suna Sarki, ta biyun Mai Jiran Gado.

Tsakanin zauren da ɗakin na'urori akwai tafiyar taku arba'in. A kowane ɓangare akwai suwic, akwatin da wayoyi ke taruwa a jikinsa, kuma kebul biyu ne ke haɗa su. Kawu ya saita biyun su zama kamar ɗaya: su raba kaya tsakaninsu, in ɗaya ta yanke ɗayar ta ci gaba. Shi dami yake kiran wannan, kamar damin gero. Yana ɗaura wa kowace waya zaren hula mai launi dabam a baki biyu, daga kwandon ɗinkin matarsa yake satowa, ita kuma kullum tana cigiya. Ƙa'idar damin guda ce, kuma ya sha faɗa mini ita: waya ba ta shiga dami sai an gaya wa suwic na nan an gaya wa na can.

A kan wayoyin nan biyu ya yi rigimarsa mafi tsawo da shugaban ƙungiya. Kawu ya ce rami biyu za a haƙa, kowace waya da nata.

"Haba Malam," in ji shugaban, "rami guda bai isa ba? Wayoyin ai ba faɗa suke ba."

"Alhaji, ranar da mai gyaran kwata ya kai sara, guda za ya yanke ko biyu?"

"Kai dai ba ka rasa abin cewa."

"Ba ni rasawa. Rami biyu."

Kwana uku ba sa magana. A na huɗu Kawu ya zo da digarsa daga gida, ya tuɓe babbar riga ya rataye a bishiyar darbejiya, ya fara haƙa ta bayan wurin alwala, yana da shekara sittin da wani abu. Shugaban ya leƙo ta taga ya gani, kunya ta kama shi, ya turo leburori.

Sai Alhamis. Duk Alhamis da tsakar rana, lokacin da zaure ya fi cika, Kawu zai shiga ɗakinsa ya zare waya ɗaya daga damin, ko ya kashe Sarki ɗungurungum, ya fito bakin ƙofa ya harɗe hannu yana kallon fuskokin ejan-ejan. In ba wanda ya ɗago kai, to aiki ya yi. In wani ya yi tsaki, sai ya je ya tambaye shi daƙiƙa nawa allon ya tsaya, ya rubuta a tafin hannu. Sun yi ta roƙonsa ya riƙa gwajin nan bayan an tashi. Ya ce abin ko-ta-kwana da ba a taɓa jarraba shi da kaya a kai ba, zato ne kawai. Suna ƙorafi, amma sun sani shekara huɗu zauren nan bai taɓa yin awa guda a tsaye ba.

Ni a shekara ta biyar na zo. Na dawo daga Kaduna da takardar difloma, ina da shekara talatin da ɗaya, ga mata da tsohon ciki, ga ba aiki. Mahaifiyata ta yi wa yayanta magana, shi kuma ya yi wa shugaban, aka ɗauke ni mu yi aiki tare. Ba zan ɓoye ba, na zo da ji da kai. Ina ganinsa yana danna allo da yatsa biyu, yana motsa leɓe yana karanta abin da ya rubuta, sai in ji kamar in karɓe. Na ce masa ɓarna ce a bar Mai Jiran Gado a zaune, a raba wa rautocin biyu aiki kowa ya ji sauri. Ya ce, "A raba musu, ban hana ba. Amma kar kayan su wuce abin da guda za ta ɗauka ita kaɗai." Na ce to, a raina kuwa na ce tsoho ne, tsoro ya yi masa yawa.

Saura kwana shida babbar Sallah, ranar wata Alhamis ce, cikin zafin kaka. Motocin dabbobi daga Nijar sun yi layi tun daga shinge har inda ido ba ya kaiwa. Da safe Kawu ya shiga ɗakin na'urori ya duba komai, ya ce mini wannan makon ba gwaji, ba a wasa da ranar raguna. Daga nan ya hau babur ya tafi ƙauyen Farfaru dubiyar wani abokinsa.

Wajen ƙarfe goma zaure ya fara jan ƙafa, kowa na aika takarda lokaci guda. Ejan-ejan suka fara kiran sunana da ƙarfi. Na ce yau zan nuna musu bambancin makaranta da littafin kasuwa. Na ɗauko sabon kebul dogo, na soka a suwic na ɗakin na'urori, na zura ta taga ta bayan kabad, na bi gefen bango na soka a na zaure. Waya uku ai ta fi biyu. Ban gaya wa na nan ba, ban gaya wa na can ba. Kuma akwai wani saiti da ke gadin irin wannan kuskure, wanda ni da kaina na kashe makon da ya wuce don na ga yana jinkirta kwamfutoci da safe, ban faɗa wa Kawu ba.

Abin da ya faru shi ne saƙo ya samu hanyar zagaye. Ya fita ta dami ya dawo ta wayata, ya sake fita, yana ninkuwa, har ya cika ko'ina. Fitilun jikin suwic duka suka kama ƙyaftawa tare. Sarki da Mai Jiran Gado suka daina jin juna, kowacce ta ɗauka ɗayar ta mutu, duka biyun suka hau gado. Cikin minti kaɗan ba kwamfuta ɗaya da ke iya aika komai.

Na kashe na kunna. Na sake kashewa na kunna. Na kira kamfanonin layi biyu na yi musu faɗa. Shugaban da ejan-ejan suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Ga abin da ya fi ci mini rai har yau: tun kafin azahar zuciyata ta gaya mini wayar nan ce. Amma zare ta yana nufin in ja kabad a gaban mutum goma in ce ga abin da na yi. Sai na riƙa gaya wa kaina ƙarin waya ba ya kashe netwok. Ina jin kukan raguna daga titi, ina ci gaba da danne-danne. Sai bayan azahar na yarda aka tura mai babur ya nemo Kawu, don can ba sabis a lokacin.

Motar dattijon nan na Maraɗi tana tsakiyar layi, mai hawa biyu, an matse ta gaba da baya, ba halin sauke dabba ko guda. Ragunan ba nasa ba ne. Na mutanen garinsu ne, kowa ya yi shekara yana kiwon nasa, suka damƙa masa amana. Shi da yaran mota sun yi ta watsa ruwa da bokiti ta tsakanin ƙarafa. Kafin la'asar tara sun mutu a hawan ƙasa.

Kawu ya iso ana kiran la'asar. Bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya ya kalli fitilun kamar numfashi uku, ya durƙusa, ya bi wayoyin jikin suwic da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan wadda ba ta da zaren hula. Ya zare ta. Fitilu suka lafa, daga zaure aka ɗau kabbara. Ya jawo ta ta taga yana naɗewa a hannu, daidai lokacin da direban ya kutso ɗakin, rigarsa jiƙe, idonsa ja.

"Wa yay yi wanga aiki? Ku hwaɗa min wa yak kashe rezo!" Haka mutanen Nijar ke kiran netwok.

Wani daga baya ya ce, "Ai yau Alhamis."

Shugaban ya dubi wayar da ke hannun Kawu. "Malam, kai ne? Ka kwance abu da sahe ka yi tahiyarka?"

Kawu ya gama naɗe wayar ya sa a aljihun babbar rigarsa. Bai ko dubi inda nake ba.

"Ɗakin ga a hannuna yake, Alhaji. Duk abin da ya hwaru cikinsa, ni ne."

Direban ya faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Kawu ya tsaya ya sha su duka, kansa a ƙasa. Ni ina jingine da bango, taku biyu daga gare shi, ina kallo ana ɗora masa laifina.

Kashegari da hantsi na same shi a gida yana ba tumaki dusa. Na fara magana ya ɗaga mini hannu.

"Matarka yaushe za ta haihu?"

"Wata mai kamawa, Kawu."

"To. Ni na gama yin sunana, kai ko yanzu ka hwara. Zamna in nuna maka."

Ya zaro wayar daga aljihu, ya zana mini suwic biyu a ƙasa da tsinke, ya bi da ni yadda saƙo ya yi ta zagaye, har sai da na iya maimaita masa da bakina. Ya tambaye ni saitin gadin, na ce ni na kashe. Ya ce in je in kunna kafin Juma'a ta sauko. Faɗan da ya yi mini ke nan gaba ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan Sallah ƙungiya ta zauna ta ce Malam ya tsufa, ya huta. Ni suka ba ɗakin, wai ga yaro mai takarda. Na karɓa. Kawu ya koma gonarsa ta ƙauyen Kusa da gyaran rediyon maƙwabta. Duk sanda abu ya gagare ni na kira shi, zai zo ta ƙofar baya ya duba ya tafi. A bakin iyaka kuwa labarin ya zauna: Malam ya yi gwajinsa ranar raguna. Ana faɗa a gabana. Da farko ina cewa sai yarinyar da aka haifa ta yi ƙwari zan faɗi gaskiya, daga baya sai na ce an riga an manta. Ba a manta ba, ni ne dai na iya zama da abin. Sau ɗaya, shekara shida bayan abin, na ce masa zan je in gaya wa shugaban. Ya ce, "Ragunan za su tashi?" Na samu mafaka a maganar nan na ɓuya, alhali na san ba izini ya ba ni ba, tausayi ne.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa an watse, na faɗa wa shugaban da dattawan ƙungiya a nan bakin ƙofar gidan Kawu. Shugaban ya dube ni ya ce, "Allah Ya kyauta," ya tashi ya sa takalmi. Daga nan na hau babur zuwa tashar Magama. Tun bayan ragunan mai motar ya karɓe motarsa, mutanen garinsu kuma ba su sake ba direban amana ba, don haka ya dawo nan yana tsara wa motocin Maraɗi layi. Na same shi a kan benci a inuwar rumfa. Na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, na tsuguna a gabansa.

"Baba, batun ragunan nan. Ba Kawu ba ne. Ni na sa wayar."

"Mi kac ce?"

Na sake faɗa, na ba shi labarin tun daga kebul har kabad, ban rage komai ba. Na ce ya yafe mini. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta. Can ya yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Shekara goma sha ɗaya. Dut Juma'a muna gamuwa bakin masallaci, shi yi min sallama, in kau da kai. Bai taɓa hwasawa ba. Ko watan jiya dogare da sanda yaz zo, yat tsaya gabana yay yi sallama, ina tashi nib bar mai wurin."

Ban san wannan ba. Na san ba sa shiri, amma Kawu bai taɓa gaya wa kowa a gida ba.

"Kai ka samu wanda za ka roƙa, ga ni zamne," ya ce. "Ni wa za ni roƙa?"

Bai ce ya yafe mini ba, kuma har yau da nake rubutun nan bai ce ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ya mayar da hularsa, ya miƙe da ƙyar, ya ce in tashi in kai shi.

Na goya shi a babur har muka isa inda aka rufe Kawu. Rana tana tsaka, maƙabartar ba kowa. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya taka ƙasa mai zafi har gaban kabarin, ya tsuguna wajen kai. Na zata addu'a zai fara, na ɗaga hannu. Sai na ji ya ce, da muryar mai amsa wa wanda ke tsaye a gabansa:

"Wa alaikumus salam, Malam."

Ya ɗan jira, ya sake faɗa. Ya sake. Ni na sauke hannuna na tsaya a bayansa, na rasa inda zan sa fuskata.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa makwanci, Ka isar masa da amsar nan.